Ga ƙanwata da aka ce wa lokacin idonta ya wuce

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun bayan magariba na karanta tambayarki, na ajiye wayar, na kasa yin shiru. Kin ce shekarunki 29, idonki na hagu raggo ne tun kina ƙarama, likita ya ce miki lokaci ya wuce, kuma kina son ki ji ko akwai babban mutum da ya yi atisayen ido ya ga amfani. Ni na yi. Na fara ina da shekara 34, yau ina 37, kuma nawa ma na hagu ne. Kalmar nan ta "lokaci ya wuce" sau uku aka faɗa mini ita a nan Yamai, na san yadda take sauka a ƙirji.

A Tawa na tashi, hannun kawuna. Ina aji uku a lakkwal wasu masu duba ido suka zo, aka jera mu ƙarƙashin bedi, aka rataye allon haruffa. Da aka rufe mini idon hagu na karanta har ƙasa. Da aka rufe na dama sai babban harafin can sama kaɗai nake gani, sauran duk sun cakuɗe. Matar ta rubuta takarda ta ce a kai ni asibiti, ina bukatar gilashi, kuma kada a jinkirta. Shekarata takwas. Na ruga gida da takardar nan kamar na ci kyauta. Kawu yana zaune kan tabarma, ya karɓa, ya juya ta, ya ce gilashi lalata idon yaro yake yi, wanda ya fara sawa ba ya rabuwa da shi har kabari, kuma yaron da ke ganin tuwo a kwano ba abin da ya same shi. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba. Har yau ina ganin hannunsa yana ninke takardar. Ba rashin kuɗi ba ne, a watan nan ya sayi sabon moto. Innata tana ƙauye, ba ta da bakin magana a kan ɗan da ta ba da riƙo. Kakata, Allah ya jiƙanta, ita ce ta damu, ta riƙa sa mini kwalli kullum da safe, abin da ta sani ke nan. Kawu ya rasu shekara shida da suka wuce. Na yafe masa da bakina a gaban mutane, ina kuma roƙon Allah ya sa zuciyata ta bi bakin, don duk ranar da na zauna a layin asibiti na ga yaro da ƙyalle a ido ɗaya riƙe da hannun babansa, sai abin ya dawo mini sabo.

Haka na girma da ido ɗaya ba wanda ya sani. A fada idan aka ba ni shayi in zuba, in na ɗaga buta sama sai in zuba gefen kofi, a yi ta dariya. Ƙwallo kuma a fuska take samuna.

Abin da ya kai ni ga neman magani shi ne wata rana a gareji ina wasa ƙarfe da inji, ban sa komai a fuska ba, ɓarɓashi ya shiga idon dama, mai kyaun. Aka cire, aka naɗe idon kwana biyu, bayan an kwance ma ya yi kusan mako yana ruwa yana dishi-dishi. Ƙanwata, kwanakin nan ban taɓa ganin irinsu ba. Na fito daga asibiti na tsaya bakin titi, ina jin motoci, ina ganin inuwarsu, amma ban san wadda ke kusa da wadda ke nesa ba. Na ciro waya in kira matata, lambobin suna hawa kan juna kamar tururuwa, sai wani yaro mai sayar da ruwa na roƙa ya danna mini. A gida ɗiyata ta taho daga bakin zaure tana kiran Baba, ban gane fuskarta ba sai da ta zo dab da ni. Da dare kowa ya yi barci na zauna a tsakar gida ina kuka, ina tunanin in idon nan bai dawo ba wa zai ciyar da su. Shekara talatin da uku ina tafiya a kan ido ɗaya ban taɓa tunanin haka ba.

Da na warke na fara yawo. Likita na farko ko kansa bai ɗaga daga takarda ba, ya ce da a shekara bakwai ka zo. Na ce a shekara takwas an ba ni takarda. Ya ce to, na gaba. Na biyu da na uku haka. Ban ce ƙarya suka yi ba, gaskiya ne cewa a ƙuruciya aka fi samun nasara, amma akwai yadda ake faɗa wa mutum magana.

Na huɗu wata matashiyar likita ce, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce idon kansa lafiyarsa ƙalau, sunan abin ambliyofi, kuma a ƙwaƙwalwa yake. Idona na hagu tun haihuwa hotonsa bai fita sosai kamar na dama, sai ƙwaƙwalwa ta zaɓi mai kyaun ta yi watsi da ɗayan. Ita ta ba ni labarin David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda a shekarun 1960 a Amurka suka rufe ido ɗaya na ƴaƴan kyanwa, da aka buɗe daga baya idon ba ya aiki, alhali babbar kyanwa in an yi mata haka ba ya cutar da ita. Sun samu kyautar Nobel a 1981, kuma daga aikinsu aka ɗauki cewa ƙofar gyaran raggon ido tana rufewa da ƙuruciya. Ta ce binciken da ya biyo baya ya nuna ƙofar ba ta kullewa gaba ɗaya, ƙwaƙwalwar babba tana iya koyo, sai dai a hankali, kuma ba kowa ke samu ba. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Shi ya sa na yarda da ita.

Farko gilashi kawai. Wata huɗu ina sawa daga asuba har kwanciya, ba atisaye ko ɗaya. Makonni biyun farko ƙasa kamar tana gangarewa, kaina na ciwo. A awon allon haruffa, inda 10 bisa 10 shi ne cikakken gani, daga 2 bisa 10 idon ya hau 3 bisa 10. Don haka kada ki fara da bidiyon atisayen ido na waya da kika ambata a tambayarki, ki fara da awo na gaske. Kuma don Allah ba gilashin da ake tallarsa a tire a kasuwa ba, idanun irinmu kowane da lambarsa.

Sai ta tura ni wajen mai koyar da atisayen ido, ortoptis suke ce musu. Ba su da yawa a ƙasar nan, ki yi haƙurin jiran randebu. Aka ce in rufe idon dama awa biyu kullum in yi aikin kusa. Bayan isha'i nake yi. Matata ta zuba mini shinkafa a faifai in tsince tsakuwa, ko in ɗauki tsohuwar jarida da bik in cike cikin kowane harafin o, ko in zura zare a duwatsun ado. Hawaye na zuba, zufa na taruwa ƙarƙashin ƙyallen, lokacin zafin Afrilu har fatar wurin ta yi ƙuraje. Akwai kuma igiyar Brock: igiya ce doguwa da duwatsu uku masu launi daban, ki ɗaura bakinta ɗaya a ƙofa, ɗayan ki riƙe a kan hanci, idanu biyu a buɗe. In kin kalli dutse ɗaya, kamata ya yi ki ga igiya biyu sun gitta juna daidai kan dutsen. Ni igiya ɗaya nake gani, mako bakwai. Wani dare ta biyun ta bayyana kamar hayaƙi, ta ɓace, ta dawo. Na kira matata da ƙarfi har ta tsorata. Daga baya aka ƙara mini gilashi mai ja da kore da wani wasa a waya, wanda rabin abubuwan ido ɗaya ke gani, rabi ɗayan, dole su yi aiki tare.

Wata goma sha huɗu na yi. Na tsaya a 5 bisa 10, daga nan bai ƙara motsi ba. Bai zama kamar na dama ba, kuma ba na tsammanin zai zama. Amma yau in na rufe na dama ina karanta saƙo a waya in na ƙara girman rubutu, ina gane fuska daga bakin zaure, shayi kuma yana sauka cikin kofi. Da azumi na yi sakaci wata guda sai na ga ya ɗan koma baya, shi ya sa har yanzu ina yin igiyar sau biyu a mako.

Abu ɗaya ba ki faɗa ba: idon naki yana karkata ne, irin harara-garke, ko a miƙe yake? Wannan yana da muhimmanci ƙwarai. Babban da idonsa ke karkace, in ya tilasta wa ƙwaƙwalwa ta buɗe shi ba tare da mai sa ido a kansa ba, yana iya fara ganin abu biyu-biyu, kuma wani lokaci ba ya tafiya. Kada ki rufe ido da kanki a gida kafin a duba wannan. Ba ina nufin masu karkataccen ido ba su da rabo ba. Akwai wata malamar kimiyyar ƙwaƙwalwa a Amurka, Susan Barry, idanunta a karkace tun tana jaririya, an yi mata aiki sau uku, sai tana da shekara 48 ta fara ganin zurfin abubuwa bayan atisaye. Amma a hannun ƙwararre ta yi.

Kada ki tuƙa ko ki hau moto da ido a rufe, kada ki yi girki a haka. Zuma, nonon mai jego, ruwan ganye, duk wanda ya ce ki ɗiga ki ce masa a'a, ba a ƙwayar idon ciwon yake ba. Kuma ki tsare mai kyaun nan kamar ranki. Ki ce a yi miki gilashin roba mai ƙarfi wanda ba ya fashewa, ko tuyar mai za ki yi ki sa shi. Ni da na sa gilashin kariya ranar nan a gareji da duk wannan tashin hankalin bai same ni ba.

Kina da ƴaƴa? Abin yana bin dangi, kuma cikin yara ɗari ana samun biyu ko uku da shi. Yaro ba zai faɗa ba, don bai san yadda wasu ke gani ba. Ɗiyata tana shekara biyar na rufe mata ido ɗaya da tafin hannuna ta yi dariya, na rufe ɗayan ta fizge hannun tana kuka. Washegari ban je aiki ba. An ba ta gilashi da ƙyalle, uwarta ta zana mata fure a kai don ta yarda ta sa. Abin da na yi wata goma sha huɗu ina nema, ita cikin wata shida ta wuce shi.

Ki koma ki karɓi takardar awonki, ki duba nawa bisa 10 aka rubuta wa kowane ido, da gilashi da kuma babu gilashi. In likitan bai auna ki da gilashi ba, ki nemi wani. Ki rubuto mana lambobin a nan, ki faɗa mana kuma ko idon na karkata. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗauki hoton igiyata in sa miki ki ga yadda take.