Ga ƙanena mai shirin zuwa Jamus, kan bishiyar Kirsimeti

Ƙanena, saƙonka ya iso, barka da samun gurbin karatun gandun daji a Gotingen. Sai da na yi dariya da na karanta abin da ka rubuta a ƙarƙashin hoton bishiyoyin Kirsimeti da aka jibge a bakin titinmu a Dortmund. Ka ce yaya mutanen da ke yi mana wa'azin dashe za su sare miliyoyin itatuwa don adon mako biyu, ai gara ta roba. Ni ma haka na ce a hunturuna na farko.

Abin da hoton bai nuna maka ba shi ne, mafi yawansu ba daga daji ake saro su ba. Nomansu ake yi kamar yadda Baba ke noman gero, sai dai wannan gonar takan ci shekara 8 zuwa 10 kafin girbi. Yankin Sauerland da ke kusa da mu cike yake da irin gonakin, Denmak ma na turo nata. Jamusawa kan sayi sama da miliyan 20 a shekara, galibi nau'in Nordmann, wanda yawancin irinsa daga duwatsun ƙasar Jojiya ake kawowa, inda talakawa ke hawa dogayen itatuwa su tsinko, ransu a hannun Allah. In an sare ɗaya sai a dasa wata. Kada ka haɗa wannan da mai gatarin da ke kwantar da ƙirya don gawayi, ya tafi ya bar fili fayau.

Ta roba kuwa daga man fetur ta fito, aka haɗa da ƙarfe, akasari a Sin, sannan jirgin ruwa ya yi makonni da ita a teku. In ta tsufa ba ta ruɓewa, sake sarrafa ta ma aiki ne, don robar da ƙarfen a cakuɗe suke. Cibiyar Carbon Trust ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa ta roba mai tsawon mita 2 na jawo iskar kabon kimanin kilo 40. Ta gaske mai wannan tsawon, kilo 3.5 ne in an ƙona ta ko an daddatsa ta, amma in aka binne ta a juji sai ya haura zuwa 16, saboda iskar da take fitarwa tana ruɓewa. Ka ga ke nan sai mutum ya yi sama da shekara 10 yana kafa ta roba ɗaya kafin ta biya bashinta. Wani bincike da aka yi a Kanada a 2009 ma cewa ya yi 20. To wane ɗalibi ne zai yi ta jan kwalin bishiya daga ɗakin haya zuwa wani har shekara 20?

Ban wanke ta gaske tas ba fa. Gonar iri ɗaya ce zalla, ana yi mata feshin maganin ciyawa da na ƙwari, kuma wanda ya tuƙa mota mai nisa don ɗauko guda ɗaya ya ƙone rabin ladansa a hanya.

Tulin da ka gani ba yasar da shi aka yi ba. A watan Janairu motocin shara na gari ke bi unguwa-unguwa su kwashe, a yi taki ko a ƙona don samar da lantarki da ɗumama gidaje. A Balin har giwayen gidan zu ake ba waɗanda suka yi kwantai, su cinye abinsu.

Ni ba na kafawa a ɗakina, ba bikinmu ba ne, kuma ba wanda ya taɓa tsare ni a kai. Amma in abokan zamanka sun nemi shawararka, ka ce su sayi wadda aka noma kusa, ko su yi hayar mai rai a tukunya. Masu sayarwa kan ɗauki ɗalibai aiki a Disamba, in kana so zan tambaya maka. Ka dai taho da safar hannu mai kauri, a waje ake yini.