Gwamna Zai Iya Ƙirƙiro Sabuwar Ƙaramar Hukuma?

Malam, ka tambaya ko gwamnan Filato zai iya raba Jos ta Arewa gida biyu da kansa, tunda ana ta batun sakar wa ƙananan hukumomi mara. Ba zai iya ba. Sashe na 8 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar dokokin jiha ikon fara aikin bayan ƙuri'ar raba gardama a yankin, amma sabuwar hukumar ba za ta samu kaso daga asusun tarayya ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunanta cikin jerin ƙananan hukumomi 774 da ke kundin. Legas ta ƙara 37 a 2003, amma Kotun Ƙoli ta ce aikin bai kammala ba tunda Majalisar Tarayya ba ta shigar da sunayensu ba. Ita kanta Jos ta Arewa, gwamnatin soja ce ta ƙirƙiro ta a 1991, kafin wannan kundin.

A ganina, mai shago a unguwar Dilimi ta Jos da magudanar ruwa ta toshe masa ƙofa ya fi buƙatar a aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kuma haramta naɗa kantomomin riƙo.