Kwamfutata na kukan fanka alhali da ruwa nake sanyaya ta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Na haɗa sabuwar kwamfutar tebur, madabod ɗin (babban allon da ake jona komai a kansa) ASUS ne, na sa mata na'urar sanyi mai ruwa irin wadda take zuwa a haɗe, famfo da tiyo biyu da radiyeta mai fanka uku. To duk sanda na kunna sai ta tsaya a baƙin sikirin ta rubuto min CPU Fan Error! Press F1 to Run SETUP, kuma wallahi fankokin nan duk suna juyawa, da idona nake ganinsu, har fitilunsu na kawowa. Wani abokina ya ce in shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, kawai in kashe gargaɗin. In kashe ne ko akwai abin da ya lalace?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, ana kashewa, amma dakata tukuna, kar ka yi gaggawa.

Madabod ba shi da ido, wannan juyawar da kake gani shi bai san da ita ba. Soket ɗaya yake saurara, wanda aka rubuta CPU_FAN a gefensa, kusa da inda furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, take. Leƙa za ka ga ƴan haƙora huɗu a tsaye: na farko nagetif, na biyu wuta bolt 12, na uku shi ke kai rahoton sau nawa fanka ta juya a minti, na huɗu kuma da shi ake ƙara gudu ko a rage. To in na ukun nan ya yi shiru lokacin tashi, madabod sai ya ɗauka furosesa ba ta da mai yi mata fifita, ya tsayar da komai. Kuma ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan, ka kai wayar famfo soket ɗinsa na AIO_PUMP, fankoki ukun ka jona su a ɗan akwatin da ya zo tare da na'urar ko a CHA_FAN, soket ɗin fankokin akwatin kwamfuta, shi kuwa CPU_FAN ka bar shi wayam. Soket ɗin CPU_OPT ma yana yaudarar mutane don dab da CPU_FAN yake, amma jonawa a nan ba ya hana kukan.

Kafin ka taɓa komai ka tabbatar famfon na aiki, don nan ne haɗarin yake. Fankar radiyeta za ta iya ta juyi har gobe amma in ruwa ba ya zagayawa aikin banza ne, zafin yana nan daskare a kan furosesa. Danna F1 ɗin nan da ta ce ka shiga BIOS, shafin farko zai nuna maka zafin furosesa da gudun kowane soket. Lafiyayyen famfo yawanci za ka ga yana nuna 2000 zuwa 3000 a minti. Ka zauna ka zuba wa lambar zafin ido kamar minti biyar, in ta tsaya wajen digiri 30 zuwa 50 lafiya lau, in kuwa ka ga tana ta hawa 70, 80, 90 ba tsayawa to ka kashe nan take. Furosesar Intel da yawa iyakarsu digiri 100 ne, Ryzen 7000 kuma 95, daga nan sai su rage gudu don kare kansu, abu ya yi ƙamari su kashe kwamfutar. Ka kuma ɗora yatsa a kan famfon ko tiyo, za ka ji ɗan kaɗawa siriri. In shiru, duba wayar SATA mai zuwa daga akwatin wutar kwamfuta, wasu famfunan daga nan suke shan wuta kai tsaye kuma mutane na yawan mantawa da ita. Af, ledar nan da ke manne a ƙasan farantin jan ƙarfen famfo da ke zama kan furosesa, ka ɓare ta kuwa? Kar ka yi dariya, ƙwararru ma suna barinta.

In famfo lafiya, gyaran ba wuya. Kashe kwamfuta ka zare filogi, ka ɗauko wayar haɗa fankoki mai reshe uku ka haɗa fankokin radiyeta a kanta ka soka a CPU_FAN, famfo ya zauna a AIO_PUMP inda zai riƙa gudu cikakke. In ka ga reshe ɗaya ne kawai yake da haƙora huɗu cif sauran biyun kuma uku uku, ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi don fanka ɗaya ta kai rahoto, sai dai ka tabbatar wannan reshen akwai fanka a kansa. Soket ɗin yawanci amfiya 1 yake ɗauka, fanka uku na al'ada ba za su dame shi ba. In kuma irin na'urar da fankokinta dole sai ta akwatinsu ce, nemi wata ƴar siririyar waya da ta fito daga famfo, kanta mai rami uku amma sau da yawa zare ɗaya ne a jiki, ita ce ta CPU_FAN. Ni na fi son wannan ma, don ranar da famfo ya mutu madabod ne zai fara gaya maka.

Wani lokaci an jona daidai amma kukan bai daina ba, saboda fankar na tashi a hankali ƙasa da iyakar da aka sa. A cikin BIOS danna F7, shiga Monitor, nemi CPU Fan Speed Low Limit a ɓangaren Q-Fan, in yana 600 sauke shi 200, ka kuma duba cewa fanka mai haƙora huɗu tana kan saitin PWM, mai uku tana kan saitin DC. F10 ka adana.

Shawarar abokinka kuwa ita ce ƙarshe, in babu abin da za ka iya sokawa a CPU_FAN sam. A Monitor ɗin dai, CPU Fan Speed, ka mayar da shi Ignore. Wasu na zuwa Boot su kashe Wait For F1 If Error, wannan ban so, don yana rufe bakin sauran gargaɗin ma. In ka zaɓi Ignore to gadin ya dawo kanka, sai ka sauke manhajar HWiNFO64 mai lura da zafi da gudun fanka ka sa masa ƙararrawa a kan gudun famfo da zafin furosesa, ka riƙa leƙawa musamman makon farko.