Amsa: Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, a bar shi ya huta ko a riƙa motsa shi?

Ɗan'uwa, sannu, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce wata biyu ke nan da sallamo shi daga asibiti, amma 'yan gida sun hana shi tashi don tausayi. Gaskiya wannan kwanciyar za ta cutar da shi, domin gaɓoɓi na sandarewa, jiki kuma ya yi gyambon kwanciya.

Ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Duk lokacin da ya maimaita wani motsi, sassan da suka tsira suna koyon aikin wurin da ya lalace, kuma an fi samun sauƙi cikin watanni 3 zuwa 6 na farko. Shi ya sa nake jin ciwon kowace ranar da ta wuce yana kwance.

Ku kai shi wajen likitan fisiyo, wato mai yi wa gaɓoɓi magani ta hanyar motsa jiki, ya tsara masa atisaye. A gida kuwa, ya riƙa tashi daga kujera yana komawa, ya ɗauki kofi da hannun da ya shanye, ya taka tsakar gida wani na riƙe da shi. Kada dai a ja shi ta wannan hannun, kafaɗar na iya gocewa. In ya ji jiri ko ciwon ƙirji a dakata. Maganin hawan jini kuma kada ya tsallake.