Kaktus Ɗin Da Ba Shi Da Ƙaya

Habu, ka tambaye ni abu biyu: wai ɗan dunƙulen nan da na keɓe ƙarƙashin rumfa kaktus ne kuwa, tunda ko ƙaya ɗaya babu a jikinsa, sannan me ya sa na hana ka haɗa shi da sauran shuke-shuke in kana ban-ruwan safe. Tambayar mai son iya sana'a ce, ɗana, kuma amsar biyun a haɗe take.

Kaktus ne na gaske, wato ɗan dangin tsirran busasshiyar ƙasa masu adana ruwa a jiki. Ba da ƙaya ake gane kaktus ba. Ƙeranar da ka sani a gida tana da ƙaya, amma ba danginsa ba ce. Ka karya ta ka ga farin ruwan nan mai guba wanda in ya shiga ido sai Allah. Ɗauko tukunyar ka duba da kyau. Ka ga jikin a baje yake kamar masa, an tsaga shi sassa takwas? A tsakiyar kowane sashe akwai 'yan tuntaye na farin gashi, a jere daga tsakiya zuwa gefe. Waɗannan su ne shaidar. A sauran kaktus daga nan ƙaya ke fitowa, fure ma daga nan. Shi wannan yana da gurbin, ƙayar ce bai fitar ba.

Masana na kiransa Astrophytum asterias, kuma tun 1845 aka rubuta bayaninsa. Gidansa kudancin jihar Teksas ne a Amurka, kusa da kogin Rio Grande, sai jihohin Tamaulipas da Nuevo León a Meksiko. Faɗinsa daga santimita 5 zuwa 15 ne, tsayin bai kai faɗin ba. A can yana zaune cikin tsakuwa, a gindin ƙananan itatuwa masu ƙaya da ke ba shi inuwa. Wanda ba shi da makami, ɓuya ce dabararsa. In fari ya yi tsanani sai ya tsuke, ya lotsa har ya zo daidai da ƙasa, ƙura ta rufe shi, launinsa ya saje da tsakuwa, zomo ya wuce bai gan shi ba. Ni a wurina wannan na cikin abubuwan ban mamaki na halittar Ubangiji.

To ka ga inda zancen ruwa ya shigo. Duk jikin nan ma'ajiyar ruwa ce. Da rana ƙofofin numfashinsa a rufe suke don kada rana ta zuƙe shi, sai dare ya yi sanyi yake buɗe su. An halicce shi don ƙasar da ruwanta kaɗan ne, mu kuma muka kawo shi Legas, inda ruwan shekara ya ninka na can kusan sau uku, ga laimar teku a iska dare da rana. Daga Afrilu zuwa Yuli, in ka bar shi a fili, ba zai kai labari ba. Abin takaicin shi ne ruɓewar daga wuya take farawa, inda jiki ya haɗu da saiwa. Sama na nan kore shar, kana murna, ashe ciki ya zama kunu. Ranar da ka taɓa ka ji laushi, aikin gama ya gama.

Shi ya sa ƙasarsa daban ce. Yashi mai kauri na magina, wanda aka wanke, ban da na bakin teku saboda gishiri, sai a haɗa da tsakuwa ƙanana, dakakken gawayi, baƙar ƙasa kuwa ɗan yayyafi kawai. Tukunyar ƙasa mai huda a gindi ta fi ta roba, domin tana shan iska ta bushe da wuri. A zuba tsakuwa zalla a kewayen wuyan. Ranar safe yake so, ta tsakar rana tana ƙona shi. Kafin ka ba shi ruwa, soka tsinken tsire har ƙasan tukunya ka zaro. In ya fito da sanyi ko ƙasa ta manne masa, ajiye butar. In ya fito ƙaƙas, zuba a gefe har ya ɗiga ta huda, kada ka jiƙa masa kai. In kana shakka, bari sai wani mako. Ƙishirwa ba ta cika kashe shi ba.

Wani abu da ke ruɗar sababbin hannu: fararen ɗige-ɗigen da ke warwatse a fatarsa nasa ne, kada ka kankare. Amma akwai farin ƙwaro mai kama da auduga da ke laɓewa cikin tsagun. Bambancin, ɗigon gaske a manne yake, ƙwaron kuwa in ka taɓa da tsinke zai ɗago, ya bar danƙo. Ɗan sifirit a auduga ya ishe shi.

Tsadarsa kuma da kake mamaki tana da dalili. Ba ya fitar da 'ya'ya a gefe balle ka ɓalla ka dasa, sai ta iri. Furensa rawaya ne mai jan ciki, yana buɗewa da rana, kuma sai an kai garin furen wani zuwa wani kafin a samu iri. A daji ƙudan zuma ke yi, mu a nan da burushi mai laushi. Irin kan tsiro cikin kwanaki kaɗan, amma girman sai shekaru. A gidansa kuwa ya yi ƙaranci: an share daji an yi gonaki, masu haƙa su sayar sun kwashe da yawa. Amurka ta sa shi cikin tsirrai masu fuskantar ƙarewa a 1993, yarjejeniyar CITES kuma, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobi masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Na halal da ke kasuwa na lambu ne, mutanen Japan ma sun ƙware wajen fitar da masu yawan farin ɗigo. Don haka duk wanda ya zo maka da babba yana alfaharin daga daji aka haƙo shi, kada ka karɓa, ko da araha ne.

In hajiyar nan ta Ikoyi ta dawo nemansa ba na nan, kada ka miƙa mata kafin ka tambayi inda za ta ajiye, da kuma wa ke yi mata ban-ruwa. In ɗaki mai na'urar sanyi ne babu taga, ko mai gadi ne zai riƙa fesa masa tiyo kullum, nuna mata wata shukar. Gobe kafin kwastomomi su fara zuwa, ka wanke min yashi bokiti ɗaya, zan nuna maka yadda ake sauya masa tukunya ba a ji wa saiwa ciwo ba.