Jif ko ƙaramar mota: wacce ta fi tsare rai a hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Katsina nake aiki, iyalina suna Daura, kusan duk Juma'a ina kan hanya, wani lokaci har da yara. Abin da na tara zai saya mini ko dai tsohuwar jif ƙirar wajen 2005, ko ƙaramar mota ta bayan 2012. 'Yan'uwa sun nace wai jif ce ke tsare rai idan haɗari ya auku. Gaskiya ne?
Daga wani magidanci a Daura

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ci gaba da kiyaye hanya.

'Yan'uwanka suna da hujja, amma hujjar ta tsaya ne ga nau'in haɗari guda, wato taho-mu-gama tsakanin motoci biyu. Idan mota mai nauyin tan 2 ta yi karo gaba da gaba da mai tan 1, canjin gudun da ƙaramar za ta sha farat ɗaya ninki biyu ne na babbar, kuma jikin mutanen ciki ne ke ɗaukar wannan jijjigar. Ga jif da tsawo, ƙarfen gabanta kan hau saman na ƙaramar. To sai dai a hanyoyinmu ba da ƙananan motoci kaɗai ake haɗuwa ba. A gaban tirela ko tankar mai, da jif da Corolla duk kanwar ja ce.

Inda aka fi yin sakaci shi ne wuntsilawa. Nauyin jif yana sama, nesa da ƙasa. Ka ɗauka kana gudu bayan Mashi, akuya ko ɗan acaba ya faɗo titi, ka fizgi sitiyari, taya ɗaya ta sauka daga kwalta ta shiga yashi. Ƙaramar mota za ta iya yin tangal-tangal ta dawo, tsohuwar jif kuwa tana iya kifewa. Idan aka ɗora buhunan gero da akwatuna a saman rufi, an ƙara mata saurin kifewar. Wannan matsala ce ta tayar da ƙura a Amurka a shekarar 2000, lokacin da aka janye miliyoyin tayoyin Firestone bayan motocin Ford Explorer sun yi ta wuntsilawa idan fatar tayar ta ɓare ana cikin gudu.

Abin da ya rage wannan bala'i wata na'ura ce da ke lura da motar, idan ta ga ta fara sulɓewa sai ta taka birkin taya ɗaya ko biyu da kanta ta daidaita ta kafin direba ma ya ankara. Sunanta ESC, Toyota na kiranta VSC, Honda kuma VSA. Amurka ta wajabta ta a sababbin motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai daga 2014. Jif ta 2005 tana iya kasancewa da ita, tana iya rasawa, sai an duba. Kada kuma a ruɗe ka da cewa tayoyinta huɗu ne ke ja. Wannan yana fitar da kai daga yashi da laka ne, ba ya rage nisan da za ka ci kafin birki ya tsayar da kai.

Don haka, da ni ne, ƙaramar ta bayan 2012 zan ɗauka, muddin lafiyarta ƙalau. Da jif ɗin ce ta bayan 2012, da na ce ta ɗan fi. Amma shekarun da ke tsakanin motocinka biyu sun kawo ƙarfe mafi ƙwari a jikin mota da jakunkunan iska na gefe, ga kuɗin mai da na gyara da za su rage maka ka sayi tayoyi sababbi.

Batun taya kuwa ina jin ciwonsa ƙwarai. Mutum ya sayi motar miliyoyi, ya sa mata tayar gwanjo, ya hau kwalta da zafin watan Afrilu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida ka guje ta ko da zanenta bai cinye ba, kuma ka sa mai faci ya auna iskar da safe kafin tayar ta ɗau zafi.

Ranar sayen, ka je da bakanikenka. Ku murɗa makulli ku kalli fitilar jakar iska da ta ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi: su kama, bayan 'yan daƙiƙu su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala, domin yawancin motocin da ake shigo da su hannu na biyu ne, wasu ma sun taɓa haɗari an gyara.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda ke waje. Cibiyar IIHS ta Amurka, mai binciken haɗurran mota, ta gano a 2023 cewa motocin da gabansu ya haura inci 40, kusan mita ɗaya, sun fi masu gajeren gaba mai gangara yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin ɗari. A lungunan Daura inda yara ke wasa a ƙofar gida, direban jif ba ya ganin ƙaramin yaron da ke tsaye dab da gaban motarsa.

Ko wacce ka saya, ka tsaya a kilomita 80 da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙayyade wa motocin gida a babbar hanya, don ƙarfin karo a 120 ya haura ninki biyu na 80. Kowa ya ɗaura bel har na kujerar baya, tunda a wuntsilawa wanda aka cillo waje shi ya fi shiga hatsarin rasa rai. Yara a baya za su zauna, ƙananan cikin kujerar yara da aka ɗaure da bel, kada a riƙe jariri a cinya a kujerar gaba.