Ranar tunawa da mazajen Bormi

Malam, ka tambaya ko mu 'yan Gombe muna da ranar tunawa da mazajen da suka faɗi a fagen daga. Muna da ranar da ta cancanci haka: 27 ga Yuli. A ranar ce, a 1903, sojojin Ingila suka auka wa Bormi, kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa, suna kan hanyar hijira zuwa gabas. Manjo Marsh, jagoran Turawan, shi ma a nan ya mutu.

Abin yana min ciwo yadda yaranmu ba su san wannan ba. A kai ɗalibai wurin, a yi wa mamatanmu addu'a. Tsofaffin sojojinmu masu rai kuwa, kada a jira 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta ƙasa, kafin a leƙa su.